Wuƙar Sahabi da Kwanon Inna Hajo

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ka isa Birnin Kebbi lafiya, ka samu ɗakin zama na kirki, kuma aikin da anka ba ka a sabuwar jihar nan bai fi ƙarfinka ba. Allah shi tsare fitarka da shigarka, shi raba ka da mugun abokin zama, shi ba ka lafiyar jiki. Mamarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba, don haka ba zan cika ka da shi ba.

Ranar da za ka tashi, kana ɗaure jakarka a tsakar gida, ka ce da albashinka na fari kai za ka sayi akuyar Kirsimeti bana. Na ji daɗi ƙwarai. Sai ka ƙara da cewa kai za ka yanka ta da hannunka, ba za a sake kiran maƙwabcinmu Malam Sahabi ba, don mu ma muna da hannu, muna da wuƙa, muna da Allah. Ka ga na tashi na shige ɗaki. Ka ɗauka fushi na yi, kuma fushin ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san halina, in na buɗe baki raina a ɓace unguwa duka sai ta ji, kuma ba abin da za ka tsinta ciki sai hayaniya. Shi ya sa na bari ka tafi, na zauna na rubuta. Ka karanta har ƙarshe, ban da irin karatun da kake yi wa takardar magani.

Maganar nan da ka faɗa, ni na fara faɗinta a gidan nan, tun ba a san za a haife ka ba. Bari in ba ka labarin yadda na kai ga faɗinta, da abin da ta jawo.

Ka san kakanka daga ƙasar Zuru ya zo Jega da aikin kafinta, kuma ya rasu ina ƙarami. Dangi sunka ce wa kakarka Saratu ta tattara ta koma gida, ta ce a nan mijinta yake kwance, a nan za ta zauna. Da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta rene ni. A lokacin mu Kirista a garin nan ba mu cika ɗaki guda ba. Majami'armu rumfar zana ce a bayan gari, in iska ya taso sai maza su tashi su riƙe ginshiƙi ana cikin wa'azi. Mama ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma tana karanta Littafi da yatsa a kan layi, kuma kowace safiya kafin ta ɗora gyaɗa a wuta sai ta ɗora hannu a kaina ta yi mani addu'a. Ni kuwa duk hankalina shina waje, wurin yaran unguwa. Wasu in munka yi faɗa sai su ce mani ɗan arna. Yana yi mani zafi, ba zan ce maka ba ya yi ba. In na kawo ƙara, sai Mama ta ce, "Kai ka san ko kai ɗan wa ne. Je ka ɗebo mani ruwa."

Katanga guda ta raba mu da gidan Inna Hajo, uwar Sahabi. Wurin nan da katangar ta ɗan rushe, wanda mamarka take damuna kullum in gyara, ba ruwan sama ya cinye shi ba, gwiwar hannun matan nan biyu ce. Ta nan gishiri ke wucewa, da garwashi, da labarin gari. Inna Hajo tana salla, Mama tana waƙar sujada, ban taɓa jin ɗaya ta ce wa ɗaya ta rage murya ba.

Da Sallar layya naman gidansu ke fara shigowa gidanmu. Da Kirsimeti kuma mu ke da unguwa. Mama takan sayi 'yar akuya tun farkon shekara, ta yi ta kiwonta da dusa da harawa. Amma ka san maƙwabtanmu ba su cin nama sai wanda Musulmi ya yanka. Don haka tun Kirsimetinshi ta fari a Jega kakanka ya je ya yi sallama da mijin Inna Hajo, ya roƙe shi shi zo shi yanka mana. Da tsohon ya rasu sai Sahabi, babban ɗanshi, ya gaji wuƙar. Da safe zai shigo da ita naɗe a ƙyalle, ni in riƙe ƙafafu, shi yi bisimilla shi yanka. Mama ta dafa shinkafa da miyar nama da albasar da Inna Hajo ta miƙo ta katanga tun jajibiri, a jera kwanoni, a bi gida gida. Kwanon Inna Hajo daban yake, wani mai murfi mai zanen fure, kuma hanta duka a cikinshi take tafiya. Ranar nan ba wanda ke ce mani ɗan arna, kowa bakinshi da maiƙo.

Da na fara tasawa, Mama ta kai ni Aliero wurin wani mai gyaran keke, Malam Umaru, in koyi sana'a. A lokacin ba a fara injin ban ruwan nan da nake gyarawa yanzu ba, keke shi ne motar manoman albasa. Ni kaɗai ne Kirista a rumfar, a zatona ma a garin duka. Sunana Yusufu, ba wanda zai ji shi ya tambayi komai. Ranar farko da anka kira azahar, kowa ya ajiye kayan aikinshi ya ɗauki buta. Na duba hagu, na duba dama, sai kawai na ɗauki buta ni ma. Na bi sahu, sun duƙa na duƙa, sun tashi na tashi, bakina shina motsi ba abin da ke fita. Ba wanda ya tilasta mani, ka ji da kyau, ba wanda ya ko kalle ni. Tsoron kada a ware ni wurin cin tuwo ne kawai. Haka na yi ta yi har albasa ta nuna anka fara cire ta. Lahadi ta zo ta wuce ina like taya, in na tuna da Mama a rumfar zana sai in ture tuwona gefe.

Wata safiyar Lahadi Malam Umaru ya kira ni gefe, ya jingina mani kekenshi.

"Yusufu, yau ba ranar ibadarku ba ce?"

Na ce, "Wace ibada, Maigida?"

"Kai, rufe mani baki! Uwarka ta gaya mani ko kai wane ne tun ranar da ta kawo ka. Na zuba maka ido in ga iyakar gudunka. Abin ga da kake yi a bayana ba salla ba ce, tsoron mutane ne, kuma ba ni so a rumfata. In wata rana zuciyarka ta kawo ka da gaskiya, ni zan fi kowa murna. Amma ba da ƙarya ba. Hau keken ga ka tahi Jega, ka dawo kafin la'asar, akwai aiki."

Iliya, da ya ɗauki bulala ya zane ni da ya fi mani sauƙi. Na tuƙa keken nan har Jega ina kuka kamar ƙaramin yaro. Na raina addinina, na kuma raina nasu, tunda na mai da sallarsu wasan kwaikwayo. Kuma Musulmi ne ya kora ni majami'a.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Kai ma sunanka Iliya, suna ne da ke shiga ko'ina ba a tambaya. A ofishin nan naku, tun makon farko ka bari a san ko kai wane ne. Ba sai ka yi shela ba. In an tashi salla, ka ce a sauka lafiya, ka gyara masu wuri, ka ci gaba da aikinka. Ranar Lahadi ka sa rigarka mai kyau ka tafi majami'a ta babbar hanya, ba ta lungu ba. In suna azumi, kada ka baje abinci a kan tebur a gabansu, amma kuma kada ka busar da leɓe kana yi kamar kai ma kana yi. Wanda zai ƙi ka saboda haka, gara shi ƙi ka da wuri ka san inda kake. A wannan ban ji maka tsoro sosai ba, don ka fi ni ƙarfin hali a shekarunka. Tsorona shina ga kuskure na biyu, wanda kunyar na farko ta jefa ni.

Bayan abin Aliero na kama addini da hannu biyu. Anka yi mani baftisma a gulbi, na fito ina jin kamar ni kaɗai na san Allah a ƙasar nan. Wannan kamun ban yi nadamarshi ba ko kaɗan, shi ya riƙe ni har yau. Abin da na haɗa shi da shi ne ya ɓata. Ina so in rama ɓuyan da na yi, sai na koma mai neman gardama. A kasuwar Jega, a bakin rumfa, a hanyar Gehuru in na je gyara, duk inda na ga an taru sai na tsoma baki, ko ba a tambaye ni ba. Mama tana ce mani, "Yusufu, wutar nan taka ta fi ƙarfin tukunyar." Ni kuwa ina ganin tsufa ne da tsoro ke damunta.

Da Kirsimeti ta matso, na ce mata bana ni zan yanka. Na ce mu ba mu da hannu ne? Na ce kullum mu ne ke zuwa roƙo, su sun taɓa kiranmu mu yanka masu rago? Ta ce, "Ubanka ya fi ka sanin Littafi, kuma da ƙafarshi ya je ya kira su. Ka bar abin nan yadda ka tarar." Na tashi na fita, ta ɗauka na ji.

Da safe tana bayan ɗaki tana wanke shinkafa, na ja akuyar gindin dalbejiya na yanka. Ko iya yankan ban yi ba, sai da na ɓata rigata. Ina tsaye da wuƙa a hannu Sahabi ya yi sallama, da tashi wuƙar naɗe a ƙyalle kamar kullum. Ya dubi jinin, ya dube ni. Tare munka yi wasan ƙasa da mutumin nan, shi ya koya mani iyo. Na shirya mashi magana cike da baki, ina jira shi ce wani abu.

Sai ya ce, "Ashe an gama. To, barka da Kirsimeti. Allah shi maimaita mana." Ya sa wuƙarshi a aljihu ya fita.

Mama ta fito ta gani. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara naman ta dafa, don ba a zubar da abinci. Munka je sujada munka dawo. Kwanonin da ta wanke tun jiya suna jere a kan tabarma, ba ta zuba komai cikinsu ba. Na ce mata ta zuba a kai mana, wanda zai ci shi ci. Har na ce, ai ba kowa ya san wanda ya yanka ba. Nan ne ta ɗago ta dube ni.

"In ba mutane abin da addininsu ya hana su, in rufe da murfi? Da wane bakin zan yi addu'a gobe?"

Yaran unguwa sunka yi ta leƙowa ƙofa kamar yadda sunka saba, tana ba su ƙuliƙuli tana sallamarsu. Da rana ta karkata sai ga Inna Hajo, ba ta katanga ba, ta ƙofa, da mayafinta. Ashe Sahabi bai gaya mata komai ba, ya rufa mani asiri ko a wurin uwarshi.

Ta ce, "Saratu, tun safe nake sauraren kwanona, har na hana yara ɗora tukunya. Mi na yi maki? In laifi na yi, ki gaya mani."

Mama ta ce, "Ba ki yi komai ba, Hajo. Yusufu ne ya yanka da hannunshi."

Inna Hajo ta gyara mayafinta. Ta juyo ta dube ni, ni kuwa na ƙame kamar soja, ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Oho. To, ai ɗana ne, girma ne ya zo mashi." Ta juya za ta tafi, na ga tana goge ido da bakin mayafi.

Mama ta riƙo hannunta ta zaunar da ita. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sauran tuwon dawa na jiya, ta ɗumama shi da miyar kuka, sunka sa hannu a kwano guda. Ranar Kirsimeti, Iliya, ga akuya guda a tukunya tana ƙamshi. Na kasa daurewa, na zubo nama na kai gaban Mama, na ce ko yanka ɗaya ta ci, ita ta yi wahalar kiwon. Ta ture kwanon da bayan hannu.

"Abin da Hajo ba ta ci, ba ni ci."

Ba ta ci ba ranar, ba ta ci ba washegari. Na raba wa mutanen majami'a, na ci har ya gundure ni, sauran na soya na tafi da shi Aliero. Ban ba ta haƙuri ba. Na ce a raina baɗi ma rana ce, in ta huce ma yi magana.

Da damina ta faɗi zazzaɓi ya kama ta, bai ɗauki lokaci ba ta rasu. Wannan ita ce Kirsimetinta ta ƙarshe, kuma tuwon jiya ta ci a cikinta saboda ni. Na yi shekaru kafin in iya faɗin wannan da bakina, ko mamarka sai bayan an haife ka ta ji.

Ranar da ta rasu mazan majami'a kusan duk sun tafi garuruwansu noma. Daga ni sai tsofaffi biyu da mai wa'azi. Ina zaune ina tunanin yadda zan haƙa kabari ni kaɗai, sai ga Sahabi da ƙannenshi da diga da shebur a kafaɗa. Ba wanda ya aika masu. Sunka haƙa, sunka gyara, sannan sunka koma gindin wata bishiya sunka tsaya nesa kaɗan har munka gama addu'o'inmu, sunka dawo sunka taya mu mai da ƙasa. Duk kwanakin zaman makoki daga tukunyar Inna Hajo masu gaisuwa sunka ci.

Da Kirsimeti ta zagayo na sayi akuya, na je na yi sallama a ƙofar Sahabi. Na tsara jawabi mai tsawo a hanya, da ya fito duk ya gudu. Na ce, "Gobe da safe, in kana da hali."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mi ya faru, babban mahauci? Wuƙarka ta dakushe?"

Na ce ta dakushe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, hawaye na zuba. Ya zo ya yanka. Wata tsohuwa daga majami'a ta dafa mani, ni da kaina na ɗauki kwano mai fure na kai wa Inna Hajo. Ta buɗe, ta ga hanta, ta ɗauki yanka guda ta sa a baki, ta ce, "Saratu." Tun daga ranar ba a sake yanka akuyar Kirsimeti a gidan nan ba sai da wuƙar Sahabi, kuma kai kanka tun kana rarrafe kake ganin haka.

Yanzu bari in amsa maganarka, don ba maganar banza ba ce, kuma ban ɗauke ka mara hankali ba. Ka ce kullum mu ne ke lanƙwasawa. Ka ce mu muna cin yankansu, su ba su cin namu, wannan raini ne. Na san kuma abin da anka yi maka a makaranta, da wanda ya ƙi shan ruwa a kofin da ka sha. Ban manta ba, kuma ban ce ka yi kamar bai faru ba. Akwai masu raina mu a garin nan, wasunsu har gobe. Amma ka dubi wanda za ka hukunta. Wanda ya ƙi kofinka ba ya cikin masu jiran kwanonmu. Masu jira su ne Inna Hajo, da Sahabi, da yaran da kunka tashi tare.

Kuma ka duba da kyau. Su an ɗaure masu hannu a kan abin yanka, ba don su ɓata mana rai sunka ƙirƙiro shi ba, haka sunka tarar, kuma tsoron Allah ne ke sa su riƙe shi. Mu ba a ɗaure mana ba. Bangaskiyarmu ba ta rataye a kan wanda ya riƙe wuƙa ba. To in ni ke da sararin matsawa, maƙwabcina ba shi da shi, wa ya kamata shi matsa? Da na yanka akuyar nan ban ƙara wa Yesu komai ba. Ba wanda ya ga jinin nan ya ce kai, addinin Yusufu gaskiya ne. Abin da unguwa ta gani shi ne ranar haihuwar Ubangijinmu ta zo, anka rufe kwanoni, tsohuwa ta koma gida ba kwanonta. A shekara rana guda ce mutanen nan ke shigowa gidanmu saboda sunan Yesu, suna murna, suna cewa Allah shi maimaita. Ni na rufe ƙofar da hannuna, ina kuma ganin jarumtaka na yi.

Ka lura, ɓuyan Aliero da yankan akuya duk abu guda ne ya haife su. A duka biyun idona shina kan mutane, mi za su ce, yaya za su gan ni. Kakarka ba ta taɓa ɓoye Littafinta ba, ba ta kuma taɓa buga wa wani shi a kai ba. Irin tsayuwarta nake so ka yi a Birnin Kebbi. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa sarai, ba rawar murya. In an zage ka, ka san ko kai ɗan wa ne. Samarin da kake zama da su a majami'a, masu zafin jini, ina son su, don na ga kaina a cikinsu. Ka yi addu'a da su, ka yi waƙa da su, amma in sun fara lissafin wa ya lanƙwasa wa wa, ka tambaye su wanda zai haƙa kabarin uwarsu in ta faɗi da damina.

Inna Hajo tana nan da ranta, ka sani, sai dai ta tsufa ƙwarai. Ido ya tafi, haƙora saura kaɗan, hantar ma sai mamarka ta dafa ta ta yi laushi sosai. Bayan tafiyarka na shiga gaishe ta, ta ce, "Ina angon nawa? An ce ya zama ma'aikaci, ya tafi bai bar mani ko na goro ba. Ka gaya mashi in bai zo da Kirsimeti ba na sake shi." Sannan ta sa jikarta ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado. Albasa ce manya manya da wani ɗanta ya kawo mata daga Sabiyal, ta hana kowa taɓawa. Ta ce ta miyar Kirsimeti ce, tunda ta ji bana angonta ne zai sayi akuya. Mamarka ce ta gaya mata rabin maganarka, ta riƙe sauran rabin. Ban san ko Kirsimeti nawa ta rage wa tsohuwar nan ba. Ni ma a wancan lokacin na ɗauka akwai baɗi.

To ga inda na tsaya, kuma ka san in na tsaya ba na motsi. Akuya taka ce, da guminka za ka saya, ba zan ƙwace wuƙa a hannunka ba, don ka girma. Ba zan yi maka ihu ba, ba zan kai ƙararka wurin kowa ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka sauka a mota ranar jajibiri, ka ajiye jaka, ka je da ƙafarka ka yi sallama da Baba Sahabi kamar yadda kakanka ya yi. Da safe ka riƙe ƙafafu shi yanka. Sannan ka ɗauki kwano mai fure, shina nan mamarka ta adana shi, ka kai wa matarka hantarta.

In kuwa ka zo ka yanka da hannunka, za a dafa, za ku ci, ba wanda zai ce maka uffan. Kwanoni za su zauna a kan tabarma, don ba za a kai wa kowa abu a rufe ba. Ni kuma zan sa a ɗumama mani tuwon jiya, in ɗauka in zagaya gidan Inna Hajo, mu sa hannu tare. Abin da ba ta ci, ba ni ci.

Allah shi kiyaye ka a inda kake, shi tsare ka a hanyar Jega in ka tashi zuwa, shi ba ka zuciya mai ƙarfi da kunne mai ji. Ubangiji Yesu shi riƙe hannunka a wurin aiki da wurin kwana. Mamarka ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ka sayi rigar sanyi. Muna sa ka a addu'a kowace safiya kafin a ɗora tukunya.

Ni ne mahaifinka,
Yusufu